Sikila iri-iri ce: abin da takardar gwajin aure ba ta faɗa wa Hausawan ƙetare

A watan Mayun 2024 ne gwamnan jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure gabatar da takardar gwajin jini kafin a ɗaura. Cikin gwaje-gwajen akwai na sikila, cutar da Hausawa ke kira amosanin jini, asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma ke rubutawa da sunan drépanocytose. Doka ce ta jiha guda a Najeriya, amma ta shafi mutanen da ke nesa da Kano. Hausawan zangon Kumasi da Accra, da na Lome da Kwatano da Wagadugu, da na unguwar Briqueterie a Yawunde, da na Injamena da Mai Wurno a Sudan, har yau suna kai ƴa aure gida ko su ɗauko amarya daga can. Takardar da wani ɗakin gwaji ya rubuta a wata ƙasa, da wani harshe, ita za a miƙa wa waliyyi ko liman a wata ƙasar.

To me takardar ta auna, me kuma ta bari? Wayar da kan da ake yi a rediyo da makarantu da masallatai ta tsaya kan haruffa uku, AA da AS da SS, da jan kunne guda: kada AS ya auri AS. Jan kunnen daidai ne. Sai dai sikila dangin cututtuka ce, kowacce da haruffanta da yadda take cin jiki, kuma rabon waɗannan haruffa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Lissafin da ya kusa wadatar da mutumin Kano ba zai wadatar da ɗan'uwansa da aka haifa a Tamale ko Bobo-Dioulasso ba.

Girman matsalar ya isa a tsaya a yi mata duban tsanaki. Wani babban ƙiyasi da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2023 ya nuna cewa an haifi jarirai kimanin 515,000 da sikila a duniya a shekarar 2021, kusan huɗu cikin biyar daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Masu rayuwa da cutar sun kai miliyan 7.7, kuma tana da hannu a mutuwar mutane kimanin 376,000 a wannan shekarar kaɗai.

Tubali ɗaya cikin 146

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ake kira himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya raba ta ga sassan jiki. An gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu ana kiran su alfa, biyu beta. Kowace sarƙar beta tubala 146 ce a jere. A jinin da aka saba gani, wato A, tubali na shida shi ne wanda ake kira gulutamik. Idan aka gaji sauyin da ya maye gurbinsa da wani mai suna balin, an samu S ke nan. Idan iskar jini ta yi ƙasa, sinadarin S sai ya dunƙule ya zama kamar sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini da shawara ba sa rabuwa da mai cutar.

Kowane mutum yana gadar harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS ba mara lafiya ba ne. Hasali ma tun 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa AS na kare yaro daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wannan kariya ce ta sa harafin ya yaɗu a duk inda sauro ya yi ƙarfi.

An ga haka ƙuru-ƙuru a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani shahararren bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa. Da aka auna jinin mutanen yankin, an samu kimanin jarirai 2 cikin 100 suna da SS. Amma cikin waɗanda suka haura shekara tara, ko ɗaya cikin dubu ba a samu ba. Yaran sun rasu tun suna ƙanana, mafi yawa ba a ma san abin da ya kashe su ba. Masu AS kuwa, daga kimanin kashi 24 cikin 100 a jarirai, sun ƙaru zuwa kimanin 29 a manya, domin sun fi sauran tsira daga sauro.

Harafin da aka manta

A wannan gurbi na shida akwai wani sauyin na daban. Idan tubalin da ake kira laisin ne ya shiga wurin, an samu C. Cibiyar wannan harafi ita ce Burkina Faso da arewacin Ghana, inda a wasu sassa kusan mutum ɗaya cikin biyar ke ɗauke da shi. Daga nan ya bazu zuwa Togo da Benin da Mali da arewacin Côte d'Ivoire da yammacin Nijar da ƙasar Yarbawa. Shi ma sauro ne ya raya shi: wani bincike da aka yi kan Mosawa a Burkina Faso, aka wallafa a mujallar Nature a 2001, ya nuna cewa C na rage haɗarin zazzaɓin, musamman ga masu CC.

A Najeriya C ba shi da yawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kimanin yara 20 cikin 100 da AS, masu AC kuwa ba su kai 2 cikin 100 ba, kuma sun fi yawa a kudu maso yamma. Ba abin mamaki ba ne da faɗakarwar da ke fitowa daga Kano da Kaduna ba ta cika ambaton C ba. A Ghana lissafin ya sha bamban. Gwajin jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995 ya nuna cewa kimanin jariri ɗaya cikin 50 na zuwa da sikila, kuma kusan rabinsu SC ne.

Wannan ya shafi Hausawan zango kai tsaye. Tun zamanin fataucin goro zuwa Salaga da Gwanja, Hausawa ke auratayya da Dagombawa da Mosawa da Kotokoli da Zabarmawa. Mutum yana iya zama Bahaushe a harshe da suna da al'ada, alhali kakarsa ta bar masa C. Idan mai AC ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SC, daidai da haɗarin SS a auren AS da AS. Lissafin na kowane ciki ne, ba a raba shi tsakanin ƴaƴa: ana iya haihuwar huɗu a jere duk lafiya, ana kuma iya haihuwar uku duk da cutar.

Ana yawan cewa SC sikila ce mai sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jinin mai SC bai cika yin ƙasa sosai ba, ciwon ƙashi yakan jinkirta, kuma wani sanannen bincike na Amurka na 1994 ya samu cewa rabin masu SC na haura shekara 60, alhali masu SS na lokacin suna tsayawa a shekaru arba'in da ɗoriya. Amma sauƙin ne ke jawo sakaci. Da yake jinin mai SC ya fi kauri, cutar ta fi kama masa tantanin bayan ido, inda wasu jijiyoyi marasa ƙwari ke tsirowa su fashe, mutum ya wayi gari ido ya dushe. Takan kashe kan ƙashin cinya a kwatangwalo, matashi ya fara ɗingishi ana ta yi masa maganin sanyi. Mace kuma tana iya kaiwa aure ba ta san tana da ita ba, sai a watannin ƙarshe na ciki ko bayan haihuwa ciwon ƙirji ya taso mata gadan-gadan. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da masu sikila a lokacin juna biyu, ranar 19 ga Yunin 2025, ta ce haɗarin mutuwarsu wajen haihuwa ya ninka na sauran mata sau 4 zuwa 11. Macen da ba a gano cutarta ba, babu wata ƙa'ida da za ta kai gare ta.

Takardar da ta ce négatif

A nan ne bambancin gado ke haɗuwa da bambancin ɗakunan gwaji. Abu na farko, mutane da dama na rikita rukunin jini na A da B da O, wanda ake nema idan za a yi ƙarin jini, da nau'in himogulobin. Ba su da wata alaƙa. Wanda katinsa ya ce groupe sanguin O positif bai san komai game da sikila ba tukuna.

Na biyu, gwajin da ya fi araha a asibitoci da yawa na ƙasashe masu amfani da Faransanci shi ne test d'Emmel, wanda ya haura shekara ɗari da ƙirƙirowa. Ana ɗiga jini a gilashi, a hana shi iska, a duba ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Harafin S kaɗai yake gani. Idan ya ce positif, bai rarrabe AS da SS da SC ba. Idan ya ce négatif, bai ce mutum AA ba ne, domin mai AC da mai CC duk négatif za su fito. Saurayin da ya taso daga Wagadugu da irin wannan takarda zuwa Maraɗi ko Katsina, aka fassara masa ita da cewa jininsa AA ne, zai iya auren mai AS kowa hankalinsa kwance, bayan shekara biyu a haifi SC. Kama da wane ba ta wane.

Gwajin da ke fitar da haruffan shi ne électrophorèse de l'hémoglobine, wanda a Ghana da Najeriya ake kira gwajin jinotaif. Shi ma yana da iyaka. Akwai wani gadon da ake kira beta talasemiya, inda harafin ba ya sauyawa amma jiki ke ƙera sarƙar beta kaɗan ko ya kasa ƙera ta sam. Ya fi yawa a ƙasashen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya, amma akwai shi a Afirka ta Yamma da Sudan. Mai ɗauke da shi yakan fito AA a gwajin da aka saba, sai an auna wani ɗan ƙaramin kaso da ake kira A2, an kuma duba girman ƙwayoyin jininsa, sannan a gane. Idan ya auri mai AS, ɗansu zai iya gadar S daga ɗaya, talasemiya daga ɗayan, kuma nau'in da ake rubutawa S-beta-sifiri bai da bambanci da SS wajen tsanani. Irin wannan ne ke sa a zargi ɗakin gwaji da ƙarya, ko kuma, abin da ya fi muni, a zargi mace da abin da ba ta aikata ba.

A Sudan akwai ƙarin wani harafin, O-Arab. A gwajin électrophorèse na gama-gari yana tsayawa wuri ɗaya da C, don haka za a iya rubuta wa yaro SC alhali S da O-Arab ne, wanda tsananinsa ya fi kusa da SS. Na'urar da ake kira HPLC na rarrabe su, amma sai a manyan birane ake samun ta. Sannan duk wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa: mai SS zai iya fitowa kamar AS.

Ayari biyar

Ko tsakanin masu SS, cutar ba ta tafiya bai ɗaya. Wani yaron ba ya wata biyu bai kwanta asibiti ba, wani kuma sai ya shekara ba a ji kansa ba. An tabbatar da haka a Jamaika, inda daga 1973 zuwa 1981 aka gwada jarirai 100,000 a birnin Kingston, aka yi ta bibiyar masu cutar shekara da shekaru ƙarƙashin Farfesa Graham Serjeant.

Babban abin da ke kawo wannan bambanci shi ne himogulobin na jarirai, wanda ake kira F. Da shi ɗan tayi ke rayuwa a ciki, kuma ba ya dunƙulewa da S. Shi ya sa jariri mai SS ke zuwa duniya lafiya lau, sai wajen wata shida, lokacin da F ya ja baya, a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ita ta fara lura da haka a 1948. A jikin wasu, F ba ya janyewa gaba ɗaya, kuma gwargwadon yawan da ya rage, gwargwadon sauƙin cutar.

Harafin S ba ya tafiya shi kaɗai daga kaka zuwa jika. Yana tafe ne da maƙwabtansa na kan kuromozom na 11, kamar falke cikin ayarinsa. Masana sun ware manyan ayari biyar, suka sa musu sunan wuraren da aka fara gano su: Senegal, Benin, Kamaru, Bantu, da na Larabawa da Indiya. Ayarin Senegal da na Larabawa da Indiya suna tafe da wani sauyi da ke barin F da yawa, don haka cutar ta fi sauƙi a wurinsu. Na Bantu, wanda ya mamaye Kongo da Angola da Afirka ta Tsakiya, an fi danganta shi da tsanani. Na Benin yana tsakiya, kuma shi ne a jikin fiye da tara cikin goma na masu sikilar Najeriya. A Kamaru ma Benin ne ya fi yawa, sai na Kamaru ke biye, wanda kuma ake samu a Sudan. Saudiyya ta ba da misali mafi bayyana: a gabashinta, wajen Ƙatif da Ahsa, ayarin Larabawa da Indiya ne, yara da yawa na tasowa da ƙarancin wahala, a kudu maso yammacinta kuwa, wajen Jizan, ayarin Benin ne, cutar kuma kamar ta Afirka ta Yamma take. An daɗe ana ɗaukar cewa S ya ɓullo sau biyar a wurare daban-daban, amma wani bincike na 2018 da Daniel Shriner da Charles Rotimi suka yi ya kawo hujjar cewa sau ɗaya ya ɓullo, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, daga baya ayarin suka rarrabu.

Akwai wasu gadon da ke sa hannu. Kusan ɗaya cikin uku na masu sikila ƴan asalin Afirka suna da alfa talasemiya, wato sun rasa ɗaya ko biyu daga ƙwayoyin halitta huɗu masu ƙera sarƙar alfa. Wannan na rage fashewar jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki da gyambon ƙafa, amma yana iya ƙara yawan ciwon ƙashi da lalacewar kwatangwalo. Wasu sauye-sauye a ƙwayar halittar APOL1, waɗanda suka yi yawa a Afirka ta Yamma, na ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gada daga iyaye biyu. Saboda haka ƴan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, duk SS, za su iya yin rayuwa mabambanciya. Iyayen da ke ganin ɗansu ya fi na maƙwabta shan wahala kada su ɗauka gazawarsu ce.

Maganin dala miliyan biyu da na kantin unguwa

Wannan ilimi na F ne ya haifar da babban labarin sikila na ƴan shekarun nan. Wajen 2007 da 2008 aka gano cewa wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A ita ce makunnin da ke kashe F bayan haihuwa. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamban shekarar, yana gyara wannan makunni ne a ƙwayoyin ɓargon mara lafiya domin F ya dawo. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, ban da makonnin kwanciya a asibiti da magungunan ƙona ɓargo masu iya hana haihuwa. Ga iyalin da ke Zinder ko Garwa, labari ne na nesa.

Sabbin magungunan da aka sa wa rai ma sun yi tuntuɓe. A 2023 Tarayyar Turai ta janye lasisin Adakveo bayan gwaji ya kasa nuna amfaninsa. A Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye Oxbryta daga kasuwannin duniya saboda bayanan da suka nuna ƙaruwar ciwo da mace-mace.

Abin da ya rage a hannu shi ne tsohon magani, hydroxyurea, wanda kantunan ƙasashe masu Faransanci suka fi sani da hydroxyurée ko Hydréa. Shi ma ɗaga F yake yi. Gwajin REACH, da aka yi kan yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda aka wallafa a 2019, ya nuna raguwar ciwon ƙashi da ƙarin jini da mutuwa, har da zazzaɓin cizon sauro. A asibitocin Kano da Kaduna kuma an yi gwajin SPRING kan yara 220 da na'ura ta nuna suna gab da samun shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin ya rage haɗarin sosai idan aka kwatanta da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. Wannan muhimmi ne a yankin da ƙarin jini kowane wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai, domin ba tare da rigakafi ba kimanin yaro ɗaya cikin goma mai SS na samun shanyewar jiki kafin shekara 20.

Sai dai waɗannan manyan gwaje-gwaje duk kan masu SS da S-beta-sifiri aka yi su. Masu SC, waɗanda su ne kaso mai tsoka a Ghana da Burkina Faso, an bar su a baya shekara da shekaru. Sai a ƙarshen 2024 aka gabatar da sakamakon gwajin PIVOT na asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra, wanda ya nuna cewa hydroxyurea na rage ciwon ƙashi ga masu SC, amma ya fi saukar musu da wasu ƙwayoyin jini, abin da ke bukatar a riƙa auna su. Ke nan ko wajen magani, likita na bukatar sanin haruffan daidai.

Abin da ya kamata a nema

Gado yana da ƙarfi, amma bai kai inda aka haifi yaro da kulawar da ya samu ba. Jikokin ƴan Afirka masu irin waɗannan ayari a Faransa da Birtaniya da Amurka, fiye da tara cikin goma suna kaiwa shekarun girma. Abubuwan da suka kawo haka ba masu tsada ba ne: gwaji tun ana jariri, maganin penisilin kullum har zuwa shekara biyar, wanda wani gwaji na 1986 ya nuna yana rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100, alluran rigakafi, da koya wa uwa taɓa saifar ɗanta. A yankinmu sai a ƙara da gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi, da shan ruwa sosai a bazara, da rufe jiki a hunturu. Akwai cibiyoyin da aka keɓe wa cutar, kamar CNRD a Yamai da CRLD a Bamako, amma yawancin Hausawan ƙetare a ƙananan asibitocin unguwa suke ganin likita, don haka nauyin tambaya na kansu.

Mai shirin aure ya nemi électrophorèse ko HPLC, kada ya tsaya kan Emmel. Ya tabbatar an rubuta haruffan biyu ɓaro-ɓaro, kuma idan ɗayan ma'auratan AS ne, ɗayan ya nemi a duba masa A2. Akwai kuma sabbin gwaje-gwajen ɗigon jini, irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu gane A da S da C cikin mintuna ba tare da lantarki ba, waɗanda ƙungiyoyin zango za su iya neman hukumomin lafiya su kawo musu. Iyayen yaro mai cutar su sa a rubuta nau'inta cikakke a katin asibitinsa. Mai SS yana bukatar gwajin Doppler na jijiyoyin kai kowace shekara daga shekara 2 zuwa 16. Mai SC yana bukatar likitan ido ya duba bayan idonsa a kai a kai daga wajen shekara goma, ko da yana gani tangaran. Mace mai kowane nau'i ta faɗa wa ungozoma tun awon farko.

Sarakunan zango da limamai masu karɓar takardu su ma da aiki a gabansu. Doka kaɗai ba ta wadatar ba. Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, amma a shekarun farko mafi yawan ma'auratan da aka gargaɗa sun ci gaba da auren, domin sakamakon na zuwa ne bayan an gama magana an kai kaya. Gwajin ya fi amfani tun kafin iyaye su shiga, mafi kyau ma tun a makaranta. Kuma sanin haruffa kariya ce ga masu cutar daga tsangwama. Budurwa mai SS ko SC da ta auri wanda aka tabbatar AA ne, ba shi kuma da talasemiya, ba za ta haifi ɗa mai sikila ba ko guda.

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO a Janairun 2025, fatan samun tsarin gwaji na bai ɗaya a yankin ya ƙara nisa. Aure tsakanin Kumasi da Kano, ko Yawunde da Maraɗi, ba zai jira gwamnatoci su sasanta ba. Abin sauƙin shi ne haruffan A da S da C iri ɗaya ake rubuta su a Faransanci da Turanci, kuma duk waliyyin da ya iya karanta lambar mota zai iya karanta su. Idan takarda ta zo da négatif kawai, a mayar da ita ɗakin gwaji a nemi haruffan biyu kafin a sa rana.